Hannun da Ka Yafe

Nassarawa, Kano.

Malam,

Sallama da gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma da ƙyar ne, tunda kullum cewa kake rubutuna kamar kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan tabarma. To ga kazar ta sake fitowa. Babu gidan wayar da zai kai maka, amma magana ce ta tsaya mini a ƙirji, in ban sauke ta ba abinci ma ba zai wuce ba.

Bari in fara da kacici-kacici, yadda na saba yi maka bayan la'asar in ka ɗaure fuska. Mene ne abin da namiji yake bayarwa kyauta a gaban jama'a, a yi ta sa masa albarka, amma matarsa da 'ya'yansa ne suke ɗaukar nauyinsa a cikin gida har tsufa? Na san halinka, ba za ka tsaya tunani ba, gari za ka ba ni. Garuruwan naka kuwa ba sa wuce na kan layin dogo, yau Nguru, gobe Ƙaura Namoda, kamar duniya ta ƙare a inda jirgi yake juyawa. Riƙe garinka, ni zan faɗa. Yafiya ce, Malam. Wannan "na yafe" da ka yi a gadon asibiti, ita ce ta biyo mu har gidan mutane bayan ba ka.

Kafin in zo kanta, ga labarin gida. Ina nan wurin ɗanmu Sani, a ɗakunan baya na gidan Alhajin da yake yi wa tuƙi. Unguwa ce ta manyan katangu da manyan itatuwa, shiru kamar an yi wa kowa faɗa. Ni da na saba da Gama, inda in ka soya albasa sai maƙwabta sun leƙo sun tambayi abin da ake dafawa, yanzu hirata da mai gadi ce da ƙadangaru. Gwiwoyi sun ƙi ni, haƙoran gaba sun bi ka, amma bakin yana nan yadda ka bar shi. Sani ya yi furfura. In ya juya baya yana alwala sai gabana ya faɗi, in ga kamar kai ne.

Maganar ta takwaranka ce, ɗan Sani na fari. Tunda sunanka aka sa masa har yau ban taɓa kama sunan ba, Ango nake ce masa. Ka tuna shi yana ɗan mitsitsi, yana hawa cinyarka yana leƙa hannun rigarka, wai yana neman inda ka ɓoye hannun? Ya girma, ya auri wata yarinya mai hankali, Nafisa, sun haifi 'ya mai surutu irin nawa. Duk tsiyar da nake masa cewa ango ne marowaci da bai taɓa yi mini lefe ba, yaron kirki ne, ba ya zuwa gaishe ni babu goro a aljihu. Sai dai aikinka ya gada. Na hana, na yi faɗa, na yi fushi na ƙi karɓar goronsa, ya ce jirgi a jininsa yake. Ya samu aiki da wani kamfani da aka ba kwangilar gyaran layin dogo. Ranar da ya fara shigo mini da warin baƙin mai a rigarsa sai da na fita waje, don warinka ne sak lokacin da kake dawowa daga haɗa taragai da fitilarka a hannu.

A daminar da ta wuce suna sauke ƙarafan dogo, sarƙar injin ɗagawa ta tsinke. Abokan aikinsa sun ce sun daɗe suna gaya wa helmansu, wato shugaban leburori, sarƙar ta cinye, ana ce musu sai gobe. Ƙarfen ya sauka a ƙafarsa ta hagu. A asibitin ƙashi likitoci sun yi iya yinsu, daga ƙarshe suka yanke daga ƙasan gwiwa. Da na shiga ɗakin na ga bargo ya kwanta a inda ya kamata ya tashi, sai na koma yarinyar nan mai goyo da ta tsaya a bakin gadonka. Na so in tsokane shi, ka san ni, ko gidan makoki na je sai na nemo abin da zai sa a yi murmushi. Ranar kuwa bargon kawai na gyara masa.

Da aka sallame shi muka kawo shi nan kusa da mu. Sai ga mutanen kamfani sun zo jaje, da buhun shinkafa da jarkar mai da goro. Aka shimfiɗa musu tabarma a gindin mangwaro, aka kira mai gadi da mai dafa abinci da direbobin maƙwabta. Babbansu ya yi magana mai daɗi, ya ce tsautsayi ne, ya ce suna tare da mu. Kafin ya rufe baki Sani ya gyara zama. Ya ce ƙaddara ce daga Allah, su a gidansu ba a cin kuɗin jini, ubansa ya rasa hannun dama a tsakanin taragai bai karɓi ko anini ba, saboda haka sun yafe duniya da lahira. Aka yi fatiha aka shafa. Ina bayan labule ina ji. Ango yana kwance a ɗaki, babu wanda ya leƙa ya tambaye shi, alhali ƙafar tasa ce.

Ka ga aikinka? Labarin nan naka ya zama tutar gida. Kowane jika da shi aka yaye shi, yadda manyan ofis suka zo duba ka suka ce akwai haƙƙinka in ka nema, ka ɗaga hannun da ya rage ka ce wanda ya ba ka ne ya karɓi abinsa. Ni ma na sha ba da shi, har da ƙarin gishiri, tunda ka san labari ba ya fita bakina salam. Amma akwai rabin da ba na bayarwa.

Ban taɓa gaya wa yara cewa tun daga lokacin ka daina cin abinci a zaure da abokanka ba, saboda ba za ka sa hannun hagu a kwano ɗaya da mutane ba. Ka ce musu likita ne ya hana ka yaji. Ni nake tura ƙofa ka ci kai kaɗai, in juya baya ina yi kamar ina neman wani abu a cikin kwalla, don kada ka ga na ga miya tana bin gwiwar hannunka. Ban gaya musu yadda aka ba ka gadin ƙofa na ɗan lokaci sannan aka sallame ka ba, muka kwashe kaya daga kwatas a kan kura, maƙwabta suna kallo. Ban gaya musu yadda na fita daga kulle da tukunyar ɗanwake a ka ba, ni da ko hanyar kasuwa ban sani ba. Jama'a sun sa maka albarka wuni guda sun watse. Wa ya zauna da sauran ranakun?

Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Na ji haushinka. Shekara da shekaru ina ɗaure maka tazugen wando, ina yanke maka farcen hannun nan guda, ina sonka kamar raina, kuma ina jin haushinka a lokaci ɗaya. Me ya sa ba ka tambaye ni ba? Hannun naka ne, na yarda. Amma su wa suke ci daga gare shi?

'Yar Alhajin gidan nan lauya ce. Barista suke ce mata, ni kuwa 'Yar Baƙar Riga, kuma tun da na dawo gidan take zuwa ɗakina cin ƙanzo da jin ƙaryata. Da ta ji abin da aka yi a gindin mangwaro sai ta cire takalmi ta zauna kusa da gadon Ango, ta yi masa bayani da Hausar da har ni na gane. Ta ce duk wanda ya ji rauni a bakin aiki doka ta ba shi haƙƙin magani da diyya, har da ƙafar roba da koyon tafiya da ita, ko da lebura ne da ake biya kullum-kullum. Ta ce shinkafar nan jaje ce, jaje kuwa ba ya zama diyya. Maganar da Sani ya yi ma ba ta ɗaure kowa ba, tunda Ango baligi ne, shi kaɗai zai nema ko ya bari. Abin da ake bukata shi ne shaidar likita, da abokan aikin da suka san halin sarƙar, da shi kansa ya je ya ce yana nema. Sai dai ta ce doka ta yanka wa'adi, in ya wuce ƙofa ta rufu, kuma in kwangila ta ƙare abokan aikin nan kowa zai kama gabansa. Nafisa ta aika aka tambayi limamin masallacin layinmu, shi ma ya ce diyya halal ce, yafiya kuma ta mai haƙƙi ce.

Ka san amsar takwaranka? Ya gode mata, ya juya fuskarsa bango. Ya ce ba zai ƙaryata ubansa a gaban mutanen da suka shafa fatiha ba, kuma ba shi ne zai fara sayar da gaɓarsa a gidan da kakansa ya ba da hannu kyauta ba. Wai sunanka yake ɗauke da shi, ba zai zubar ba. Na gwada tsokana, na ce ni ba na zaman aure da angon da ba zai taka mini rawa ba, ya je a sa masa ta roba ko ya ba ni takardata. Ya yi murmushi don kada in ji kunya. Na gwada faɗa, ya ce Allah ya huci zuciyata. Kwanaki suna ta tafiya. Nafisa ta fara fitar da kayan ɗakinta ɗaya bayan ɗaya, in an tambaya ta ce aro aka zo yi. Wata safiya na same ta a bayan ɗakunanmu tana tambayar matar mai gadi yadda ake dafa awarar sayarwa, 'yarta tana riƙe da gefen zaninta. Na tsaya ina kallonta, na san hanyar da ta kama, na san ƙarshenta, don da ƙafata na bi ta. A nan na yanke shawara, kuma abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Malam, na san inda ka je ranar da ka ce mini za ka gaisuwar mutuwa Fagge.

Lokacin da aka koro Sani daga makaranta ne saboda mun kasa biyan kuɗi, ya yi ta zama a gida da littattafai a cinya yana karanta abin da babu wanda zai tambaye shi. Ka sa farar rigarka ta Juma'a, ka ce in gyara maka zaman hula. Abin da ba ka sani ba, a lokacin ina kai wa akawunan tsohon ofishinku ɗanwake ta ƙofar baya. Ban gaya maka ba, don na san ba za ka so abokan aikinka su ci daga tukunyar matarka ba. Ina tsugune a ƙarƙashin taga ina zuba mai da yaji sai na ji muryarka. Ƙasa-ƙasa kake magana, kai da ake jin kiranka daga wannan ƙarshen tasha zuwa wancan. Ka tambayi babban akawu ko mutum yana iya janye maganar da ya yi. Ka ce ba don kanka ba ne, yaro ne yake son karatu. Mutumin ya ce maka cikin tausayi wa'adin da doka ta bayar ya daɗe da wucewa, da a lokacin ka nema da an yi. Ya ƙara da cewa har yanzu ana ba da labarin tawakkalinka a ofis. Ka yi 'yar dariya, ka ce ba komai, dama tambaya ce.

Na ga fitarka. Ka tsallaka layi ka zauna a kan wani tsohon gungume a gindin darbejiya, ka ɗauki hannun rigar nan da babu komai a ciki ka rufe fuska da shi. Kafaɗunka kawai nake gani suna motsi. Na ja mayafi, na laɓe a bayan tankin ruwa har ka tashi. Na so in zo, wallahi na so. Amma na san in ka ɗago ka gan ni, ɗan abin da ya rage maka shi ma ya tafi. A bayan tankin nan haushina ya mutu, bai sake tashi ba. Da ka dawo gida na ce Allah ya ji ƙan mamacin, ka ce amin. Ban tambaye ka sunansa ba. Ba a daɗe ba ka kai Sani tashar mota ka damƙa shi a hannun wani direba. Na riƙe wannan magana har aka ɗauke ka, na ci gaba da riƙewa bayanka, da niyyar in shiga kabari da ita.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na kira Sani ɗakin Ango, na sa Nafisa ta rufe ƙofa. Na ba su labarin tun daga farar riga har gindin darbejiya. Ban taɓa ba da labari a rayuwata babu ƙari ba sai ranar. Na ce wa Ango in sunan kakansa yake son riƙewa, to ya riƙe shi duka, har da mutumin da ya koma ya ƙwanƙwasa ya tarar an rufe. Na ce masa kakan nasa a makare ya je, shi kuwa tasa ƙofar tana buɗe, me yake jira? Sai 'yarsa ta kai shekarun makaranta sannan ya sa farar riga?

Ango kuwa hawaye ne kawai yake bi ta gefen kunnensa zuwa matashi. Sani ne ya ba ni tsoro. Ya tambaye ni ko da gaske saboda karatunsa ka je, na ce ƙwarai. Ya tashi ya fita. Can na jiyo ƙarar ruwa, na leƙa, ashe motar Alhaji yake wankewa, wadda ya riga ya wanke da safe. Dattijo mai furfura, Malam, yana goge gilashi yana shessheƙa. Duk rayuwarsa ya ɗauka gani ka yi kansa ba na boko ba ne shi ya sa ka kai shi koyon mota. Bai taɓa sanin ka je ka sauke girmanka a gaban akawu dominsa ba. Na rushe masa uban da ya sani. Wanda na ba shi a madadi ko ya fi ko bai fi ba, shi zai faɗa.

Ranar Litinin da safe Barista ta fito da jakarta. Tun kafin nan Ango ya sa Nafisa ta goge masa riga. Sandunan da aka ba shi ba su saba da tsakuwar tsakar gidan nan ba, yana takawa ya yi tangal-tangal, sai Sani ya durƙusa a gabansa ya goya shi har mota. Shi ya tuƙa su. Nafisa ta ce sun biya Kaura Goje sun ɗauki wani abokin aikin Ango da ya yarda zai faɗi abin da ya sani game da sarƙar. A ofishin da ake neman diyya an karɓi ƙorafin Ango, kuma wa'adin bai wuce ba. Barista ta ce abin zai ɗauki lokaci, za a sha je-ka-ka-dawo, mutanen kamfani za su kawo maganar fatihar da aka shafa, ita kuma ba ta yi mana alkawarin komai ba sai tsayawa. Wasu daga cikin waɗanda suka zauna a tabarmar nan sun fara ƙananan maganganu, wai gidan Malam sun lashe amansu. Mai gadi ma ya rage fara'a in ya gaishe ni. Su yi ta yi, ba su za su riƙe 'yar Nafisa ba. Ban san ko za a biya shi ba, ban san ko zan kai ranar da zai shigo ɗakina a tsaye ba.

Abin da ya dame ni kai ne. Asirin da ka rufe wa kanka na buɗe shi a gaban ɗanka da jikanka da matar jikanka, ban nemi izininka ba. Da kana nan za ka bari? Ko za ka kalle ni irin kallon nan naka ka ce Azumi, bakinki? Na juya abin ta kowace fuska, wani lokaci in ga da kanka za ka faɗa musu, wani lokaci in ga ka gwammace ƙasa ta tsage.

Jiya da yamma Sani ya same ni a bakin ƙofa ina share ido, ya tsuguna ya ce in daina, wai ai Baba ya yafe mini. Na ce masa ya sake ke nan? Bai gama fita daga yafe ƙafar da ba tasa ba, yanzu kuma zai yafe mini a bakin mutumin da yake kabari? Ya yi dariya yana goge fuska da hula, ni ma na yi. Amma da gaske nake. Wannan haƙƙin naka ne, babu mai sa baki a madadinka, kuma ni ba ni da ofishin da zan kai tawa. Sai dai in jira, jiran ma ba na jin mai tsawo ne. In na iso kada ka yi mini irin taka, ka amsa da sauri don mutane su ji daɗi. Ka zauna ka yi tunani, ka yi mini faɗan in akwai, sannan ka faɗi abin da yake ranka. Duk wanda ya fito zan karɓa.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi, ya haɗa mu a inda babu ciwo. Sai na zo.

Taka, mai bakin da ka yi haƙuri da shi,
Azumi